A ba malamin Turanci sarari: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin makarantu da majalisun iyaye a garuruwan Hausawan Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena da yayyena, shugabannin makarantu da 'yan majalisar iyaye na Mai Wurno da Sinnar da Sinja, da na ƙauyukanmu na Jazira, da na Damazin da Gadarif da Kasala, ina gaishe ku da aiki, ina kuma yi muku sannu da ɗawainiyar yaranmu tun da aka sake buɗe makarantu. Mai wannan wasiƙa tsohon malamin Turanci ne da ya ajiye alli, amma har yau ƙannensa da ɗalibansa da suka gaje shi a aji suna zuwa masa da damuwarsu. Damuwar tasu ce na ɗauko na kawo gabanku, da harshenmu na gida, domin akwai abin da ku za ku iya yi a kai ba sai an jira takarda daga Khartum ko Bur Sudan ba.

Kowa ya san abin da ya same mu. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, kuma kafin shekarar ta ƙare hukumar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a faɗin ƙasar. Garin Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF a Disamban shekarar, Sinja ta biyo baya a tsakiyar 2024, makarantu da yawa da suka tsira suka koma masaukin waɗanda suka gudo. Jarrabawar shahadar sakandare ta 'yan 2023 ba a zauna ta ba sai a Disamba 2024. Ba don in fama muku miki na jero waɗannan ba, so nake ku dubi yadda suka bar ajin Turanci. A benci ɗaya yau za ka tarar da yaron da ya ci gaba da karatu a Kasala ko Masar, kusa da shi ga wanda ya shafe wannan lokaci yana tallan ruwa ko bin mahaifinsa gona, har haruffan ma sun kuɓuce masa. Littafin hukuma bai san da wannan ba. An rubuta shi da tunanin duk wanda ke aji shida ya gama na aji biyar. Mutum ɗaya ne ya san gaskiyar abin da ke cikin ajin, malamin da ke tsaye gaban yaran, kuma shi muka fi ɗaure wa hannu.

Yadda muke ɗaure shi sananne ne. Mudir, wato shugaban makaranta, ya karɓi littafin shirin darasi ya duba shafi nawa aka ci a wannan mako. Muwajjih, wato mai zuwa duba aikin malamai, in ya zo tambayarsa ta farko ita ce ko an kai darasin da jadawali ya ce. Uba ya buɗe littafin rubutun ɗansa da dare, in ya ga shafuka a cike hankalinsa ya kwanta, in ya ga kaɗan ya ce malamin nan ba ya aiki. To malami ma ɗan Adam ne, abin da ake yabonsa a kai shi zai yi. Sai ya juya wa yara baya ya cika allo da rubutu, su kwafa, ya karanta su amsa da murya ɗaya, a kaɗa ƙararrawa. Gab da jarrabawa a raba musu insha'i uku ko huɗu su haddace da fatan ɗaya zai fito. Yaro ya yi shekaru a haka, wataƙila ya samu makin da zai haye, amma ka miƙa masa kwalin magani ka ce ya duba maka sau nawa ake sha a rana, sai ya sunkuyar da kai. Wannan sunkuyar da kai tana yi mini ciwo ƙwarai, domin yaron ba daƙiƙi ba ne, harshe biyu yake magana da su tun bai kai shekara goma ba.

Akwai masu cewa laifin littafi ne. Littafi kam an sauya shi ba sau ɗaya ba. An yi NILE, aka kawo SPINE a shekarun 1990, daga baya SMILE da aka shirya tare da British Council, wanda ya sauko da fara Turanci zuwa aji uku kuma aka tsara shi don yara su riƙa magana. Duk da haka kukan bai sauya ba. Dattawan da muke jin Turancinsu muna sha'awa, a zamaninsu da Turanci ake koyar da lissafi da kimiyya da labarin ƙasa a sakandare, yaro yana jin harshen tun safe har a tashi. Daga 1965 aka fara mayar da sakandare Larabci, a 1990 jami'o'i suka bi sahu. Ban zo jayayya da wancan hukunci ba, yana da hujjojinsa. Amma abin da ya haifar shi ne duk Turancin da yaro zai ji ya taƙaita a 'yan darussa kaɗan a mako, kowanne bai kai awa guda ba. In kwafar allo ta cinye su, babu wani wuri kuma da zai ji harshen. Alhali Turanci yana cikin darussan dole a shahada, littattafan likitanci da injiniya da kwamfuta mafi yawansu da shi aka rubuta, ƙungiyoyin agajin da suka cika garuruwanmu kuma in za su ɗauki ma'aikaci shi suke fara tambaya.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona a wata makarantar 'yan mata da ke kusa da kogi. Aji a cike maƙil, littattafan da suka rage 'yan ƙalilan, bango babu ko takarda ɗaya. Malamar ta ce kowace yarinya ta zo da wani abu daga gida mai rubutun Turanci a jiki. Washegari tebur ya cika da kwalin sabulu, gwangwanin madara, buhun da aka rabo kayan agaji a ciki, takardar cikin kwalin magani, kwalin tsohuwar waya. Ta raba su shida-shida, ta ce kowane rukuni ya nemo mata sunan kayan, da ƙasar da aka yi shi, da ranar da zai lalace. Na ga wata 'yar ƙarama tana bin gindin gwangwani da yatsa har ta gano wata da shekara, ta yi lissafi a bakinta, ta ɗago da sauri ta ce da Hausa, "Ustaza, wannan ai ya wuce lokacinsa!" Malamar ba ta tsawata mata don ta yi Hausa ba. Ta ce, "Madalla 'yata, to yanzu faɗa mana da Turanci, zan taya ki." Kalma-kalma suka haɗa jimlar, aji ya maimaita, yarinyar da kanta ta rubuta ta a allo da alli yana rawa a hannunta. A darasi ɗaya an yi sunayen watanni, an yi lambobi, an yi sunayen ƙasashe, an yi tambaya da amsa, kuma duk suna cikin manhaja. Mako na gaba ta mayar da kusurwar ajin kanti, wata ta zama mai shago, wasu masu saye, ana ciniki ana neman ragi.

Abin da ya biyo baya shi ne ƙorafi cewa ajinta ya cika surutu kuma tana baya a shafi.

Ranku ya daɗe, harshe da surutu ake koyonsa. Kakanninmu da suka sauka a gaɓar Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawan Ingila a 1903, da waɗanda suka tsaya a hanyar Hajji suka yi aikin auduga a Jazira bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, wane allo suka kwafa kafin su iya Larabcin Sudan? A kasuwa suka koya, da gona, da bakin mashaya, suna kuskure ana gyara musu. Kuma abin da wannan malama ta yi yana da asali a karatun ƙasar nan. Cibiyar horar da malamai ta Bakht al-Ruda da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim, da gangan aka gina ta a karkara, don malami ya koyi koyarwa da abin da ke kewaye da yaron ƙauye.

Maganar da na fi so ku saurara ita ce ta Hausa a cikin aji. Yaronmu da Hausa ya tashi a gida, Larabci ya same shi a titi da makaranta, Turanci shi ne na uku. A wasu ƙauyukan yaro yana shiga makaranta Larabcinsa bai nuna ba, sai a zo a yi masa bayanin harshe na uku da na biyun da bai gama kamawa ba. An daɗe ana ɗaukar Hausa a makaranta kamar wani abin ɓoyewa, har malamin da shi ma Bahaushe ne yana jin nauyin furta ta gaban mudir. Ni kuwa jari nake ganin ta. Jerin jimlar Hausa, mai aiki, sannan aikin, sannan abin da aka yi wa, shi ne jerin Turanci. Sautin c da muke da shi a ciki da cokali, Turanci yana da shi, Larabcin makaranta babu. Inda yaron da Larabci ne harshensa yake mayar da p ta koma b, namu f yake mayar da ita, don haka maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma sai malamin da ya san Hausa zai lura. Na san wani ustaz da yake raba wa yara guntayen takarda su riƙe gaban leɓe. In an faɗi p daidai takardar za ta yi tsalle sau ɗaya, in f ce ta fito sai ta yi ta kaɗawa a hankali. Yaro yana gani da idonsa, ya gyara da kansa, na kusa da shi ya zama alƙali. Shi wannan ustaz ɗin dai, da ya ga hannun yaran ya saba tafiya daga dama zuwa hagu kuma suna tsoron sababbin haruffa, sai ya fara sa su rubuta sunayensu da sunan uwa da na unguwa da haruffan boko, irin waɗanda suke ganin 'yan'uwanmu na Najeriya da Nijar suna rubuta Hausa da su a Facebook da WhatsApp. Da harafin ya fito da kalmar da yaro ya sani, tsoron ya tafi.

Ba cewa nake a mayar da darasin Turanci hirar Hausa ba. Mafi yawan darasin dole ya kasance da Turanci mai sauƙi, ana nunawa da hannu da zane. Amma inda yara suka cije, bayani na minti ɗaya da harshen da suke tunani da shi ya fi minti goma na maimaitawa ba fahimta. A ajin da ke da 'ya'yan Fulani da Barebari da sauran maƙwabtanmu, haƙƙinsu ɗaya ne da namu, kowa a bar shi ya dafa harshen gidansu ya hau. Abin da nake roƙo shi ne mudir ya faɗa wa malaminsa a fili cewa wannan ba laifi ba ne.

Sai maganar abin karantawa. A farkon shekarun 1980 wasu masu bincike biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, sun yi gwaji a makarantun karkara na ƙasar Fiji, inda Turanci ba harshen gida ba ne kamar wurinmu. Sun zuba wa azuzuwa littattafan labarai masu daɗi kimanin 250, aka ware ɗan lokaci kullum ana karantawa. Bayan wata 8 ci gaban yaran a karatu da fahimtar abin da suka ji ya ninka yadda aka saba gani. Mu ba mu da 250 a kowane aji, amma muna da 'yan'uwa a Jidda da Makka da Riyad da ba su taɓa ƙin aiko da gudummawar masallaci ko ta marar lafiya ba. Majalisar iyaye za ta iya roƙon su akwatin ƙarfe ɗaya mai kwaɗo cike da ƙananan littattafan labarai masu hoto, ya riƙa zagaya azuzuwa. Kafin akwatin ya iso, malami mai dabara zai iya zama da 'yan sakandare su rubuta tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi da Turanci mai sauƙi, su yi musu zane, a ɗinke da zare a ba ƙanana. Ba a bukatar kalmomi masu yawa. Tun 1953 Michael West ya fitar da jerin kalmomi kusan 2000 waɗanda su ne mafi yawan abin da ake cin karo da shi a rubutun Turanci na yau da kullum. Yaron da ya riƙe waɗannan da kyau, ya gan su a labari sau da yawa, ya samu gindin zama.

Game da yaran da yaƙi ya bambanta matsayinsu kuwa, hanyar da ta fi dacewa mun riga mun san ta daga makarantar allo. A can kowane yaro da allonsa da inda ya tsaya, ba a yi masa ƙari sai ya biya na jiya, kuma ba a barin tilawa. A Indiya ƙungiyar Pratham ta bi irin wannan hanya, ta riƙa gwada yara gwaji mai sauƙi, ta raba su bisa abin da suka iya maimakon ajin da suke, kuma masana irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, sun auna suka ga tana aiki. Su a karatun harshen gida da lissafi suka fi gwada ta, amma hikimar ta dace da halin da muke ciki. Ku ba malamin Turanci makonnin farko na zango ya zauna da yara ɗaya bayan ɗaya ya gano wa ya san haruffa, wa ke karanta kalma, wa ke karanta jimla, sannan ya raba su rukuni-rukuni ko da a cikin aji ɗaya ne. Zai yi baya a shafi, babu makawa. In muwajjih ya zo, mudir ya tsaya masa ya yi bayanin dalili. Yawancin muwajjihai tsofaffin malamai ne, in aka nuna musu yaran da kansu za su gane.

Kada a ce ina kiran a saki aji kowa ya yi abin da ya ga dama. Akwai malamin da zai fake da wasa ya ɓata lokacin yara, kuma wasan da ba a koyi komai a cikinsa ba asara ne. Ma'auni yana nan, sai dai a sauya abin da ake aunawa. A ƙarshen wata mudir ya shiga aji ya ɗauki yara biyar ba zaɓe, daga gaba da baya, maza da mata in a haɗe suke. Ya ba su ɗan rubutun da ba su taɓa gani ba su karanta, ya tambaye su sunansu da garinsu da abin da suka ci da safe. Ya rubuta abin da ya gani, wata mai zuwa ya sake. In yara suna gaba, a bar malami da hanyarsa ko da ajinsa ya fi na kowa hayaniya. In ba sa gaba, a zauna da shi a nemi gyara. Jarrabawar shahada ma tana kawo rubutun da yaro bai taɓa gani ba, wanda ya saba karatu da fahimta shi ne ba ya firgita a ranar.

Na san a cikin iyayenmu akwai masu ɗari-ɗari da wannan harshe, kuma ban raina dalilinsu ba, domin masu harshen ne suka raba kakanninmu da ƙasarsu. Amma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana rubuta musu amsa. Yarinyar da za ta karanta wa kakarta takardar magani daidai, ko ta zama ungozomar da matanmu za su yi wa bayanin ciwonsu da Hausa, ba ta bar tarbiyyar gidansu ba. Ina roƙon malamanmu na masallatai su taya mu faɗar wannan, musamman game da 'ya'ya mata, domin su ne aka fi saurin cirewa in gida ya shiga matsi.

Duk wannan ba zai yiwu da malami mai yunwa ba. Kun fi ni sanin watannin da malamai suka yi ba albashi a cikin yaƙin nan, da yadda wasu suka koma tuƙa raksha, wato babur mai ƙafa uku, ko sayar da gawayi. Albashi haƙƙi ne a kan hukuma, kuma ya kamata majalisunmu su haɗa murya da ta malamai wajen neman sa. Amma alli, da manyan takardu, da alƙalumman zane, da kuɗin motar malamar da ke zuwa daga wani gari, waɗannan ba su fi ƙarfin gayya ba, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir. Akwai kuma abin da ba ya cin ko sisi. Malaman Turanci na makarantun da ke kusa da juna su samu awa ɗaya a mako, a cikin lokacin aiki, su haɗu wani ya nuna wa wani abin da ya gwada. Dabarar gwangwani da ta guntun takarda yanzu haka kowace tana kulle a makarantar da aka ƙirƙiro ta, malamin da ke ƙauyen gaba bai taɓa jin labarinsu ba.

Ina roƙon kowace majalisa ta sa wannan magana a zamanta na gaba, ta kuma gayyaci malamin Turanci ko malamar ta zauna a ciki, a tambaye ta yara nawa ne a ajinta ba su san haruffa ba, da abin da take bukata kafin ƙarshen zango. Mu tsofaffin malamai da ke zaune a gida, wanda duk aka kira a cikinmu zai zo ya taya gwada yara ko ya zauna da rukunin da suka fi baya, ba da lada ba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka gudu gidajensu, ya yi wa zuriyarmu albarka.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin Turanci, daga jihar Sinnar